Tarihin Isma'il Al-Azhari, Firaministan Sudan Na Farko, Da Darasin Shekarun Waɗanda Suka Biyo Bayansa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ƙaddara wa kowane rai ajalinsa, tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, da wuya a samu wanda ya zauna a ajin makaranta a nan Gadarif, ko a wani gari na Sudan, bai taɓa ganin hoton nan na mutum biyu suna jan igiyar tuta a Khartum ranar 1 ga Janairun 1956 ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne Isma'il Al-Azhari, wanda mutanen ƙasar nan suke kira Azza'im, wato jagora. Sunansa sananne ne, amma da yawa daga cikin 'yan'uwanmu Hausawa na nan, da na Najeriya da Nijar, ba su san rayuwarsa ba. Ya rayu shekara 68, kuma shekara biyu da rabi kawai ya yi yana Firaminista. Cikin waɗanda suka hau kujerar bayansa akwai wanda ya hau yana ɗan shekara 30, akwai kuma wanda ya rayu shekara 101. Wanda ya jera waɗannan shekaru ya dube su da idon basira zai ga wa'azi a cikinsu.

Nasabarsa da haihuwarsa

An haifi Isma'il ɗan Ahmad a Umdurman ranar 20 ga Oktoban 1900, daidai da shekarar 1318 bayan Hijira, wato shekara biyu bayan yaƙin Karari wanda ya rushe daular Mahadiyya, ya buɗe wa Ingila da Masar hanyar mulkin haɗin gwiwa a Sudan.

Gidansu gidan malanta ne. Tushensa Shehu Isma'il Al-Wali na garin Al-Ubayyid a Kurdufan, wanda ya kafa ɗariƙar Isma'iliyya bayan ya yi tarbiyya a hannun Sayyid Muhammad Usman Al-Mirgani. Al-Ubayyid gari ne da kakanninmu mahajjata suka sani sarai, domin yana kan hanyar masu tafiya Makka a ƙasa daga yamma. Ɗan Shehun, Sayyid Ahmad, ya yi karatu mai tsawo a Jami'ul Azhar ta Alƙahira, daga nan ne laƙabin Al-Azhari ya shiga gidan. Da Muhammad Ahmad ya bayyana da da'awar Mahadiyya sai gidan ya rabu biyu: Sayyid Ahmad ya yi rubutu yana ƙaryata da'awar, aka kuma kashe shi a farkon yaƙe-yaƙen, ɗan'uwansa Sayyid Al-Makki kuwa ya bi Mahadi. Kakan mai tarihin, wanda aka sa masa sunansa, alƙali ne na shari'a, daga baya ya zama Muftin Sudan, kuma a hannunsa yaron ya tashi.

Karatunsa da koyarwarsa

Ya fara da karatun allo kamar kowane ɗan gidan malamai, ya yi makarantar boko a Wad Madani, sannan ya shiga Kwalejin Gordon a Khartum, wadda ita ce ta rikiɗe ta zama Jami'ar Khartum. A shekarar 1919 manyan Sudan suka tafi Landan taya Sarki George na biyar murnar ƙarshen yaƙin duniya na farko. Cikin ayarin akwai Sayyid Ali Al-Mirgani, da Sayyid Abdurrahman ɗan Mahadi, da Sharif Yusuf Al-Hindi, da kakan Isma'il, shi kuwa saurayin ya bi kakansa yana yi masa tafinta. A wannan tafiya ya zauna da shehunnan nan biyu, Sayyid Ali da Sayyid Abdurrahman, waɗanda gabarsu da sulhunsu za su riƙa juya rayuwarsa ta siyasa shekara talatin da wani abu bayan haka.

Ya koyar a Atbara da Umdurman, sannan aka tura shi Jami'ar Amurka da ke Bairut, ya dawo a 1930 ya zama malamin lissafi a Kwalejin Gordon. Ya daɗe yana wannan aiki, har ya zamana da yawa daga cikin ma'aikata da 'yan siyasar da suka riƙe ƙasar daga baya ɗalibansa ne. Mutum ne mai son tsari da ƙa'ida, har ya rubuta littafi kan yadda ake gudanar da taro da zaman majalisa, mai suna Aɗɗariƙ Ilal Barlaman.

Shigarsa siyasa

A watan Fabrairun 1938 waɗanda suka yi karatun zamani suka kafa ƙungiyarsu, Mu'utamarul Khirrijin, aka zaɓi Azhari sakatarenta. A 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ƙungiyar ta miƙa wa gwamnatin Turawa takardar buƙatu goma sha biyu, babbarsu ita ce a ba Sudan damar zaɓar makomarta idan yaƙi ya ƙare. Turawa suka mayar da takardar cikin wulaƙanci. Nan kan 'yan ƙungiyar ya rabu. Wasu suka ga a bi Turawa a hankali, Azhari da mutanensa suka ce babu sauran lallashi. A 1943 suka kafa jam'iyyar Ashiƙƙa'u, wato shaƙiƙai, masu neman haɗewa da Masar domin a kori Ingila, kuma suka samu goyon bayan Khatmiyya, mabiyan Sayyid Ali. A 1945 ɗaya ɓangaren ya kafa jam'iyyar Umma ƙarƙashin inuwar Sayyid Abdurrahman da Ansaru, suna neman Sudan ta tsaya da ƙafarta.

Azhari ya bar aikin gwamnati ya rungumi gwagwarmaya. Ya ƙi shiga majalisar dokokin da Turawa suka kafa a 1948, ya jagoranci zanga-zanga a kanta, aka kama shi aka ɗaure. Abin da ya sauya lamarin shi ne juyin mulkin Masar na 1952, wanda ya kawar da Sarki Faruƙ ya kawo Janar Muhammad Najib, mutumin da aka haifa a Khartum kuma 'yan Sudan suke ƙauna. Najib ya haɗa kan jam'iyyun masu son haɗewa suka zama jam'iyya ɗaya, Al-Waɗani Al-Ittihadi, Azhari na shugabanta. Ranar 12 ga Fabrairun 1953 Ingila da Masar suka sa hannu kan yarjejeniyar ba Sudan mulkin kai. A zaɓen ƙarshen shekarar jam'iyyar Azhari ta ci kujera 51 cikin 97, kuma ranar 6 ga Janairun 1954 majalisa ta zaɓe shi Firaminista yana da shekara 53.

Shekara biyu da rabi a kan kujera

An zaɓe shi ne a kan alƙawarin haɗewa da Masar, amma abubuwa suka yi ta nuna masa cewa hanyar ba za ta ɓulle ba. Ranar 1 ga Maris 1954, da Najib ya zo buɗe majalisa, Ansaru suka cika Khartum suna nuna ƙin haɗewar, aka yi arangama da 'yan sanda, aka rasa rayuka. A ƙarshen shekarar Jamal Abdunnasir ya kawar da Najib, sai zukatan 'yan Sudan suka yi sanyi da Masar. Azhari ya gane cewa idan ya dage kan ra'ayin da ya yi shekara goma yana kira gare shi, ƙasar za ta faɗa yaƙin basasa. Sai ya sauya, ya koma neman cikakken 'yanci, duk da zargin cin amana da ya sha daga Alƙahira da wasu abokan tafiyarsa.

Yarjejeniyar 1953 ta tanadi matakai masu tsawo kafin a yanke makomar ƙasar. Azhari ya taƙaita hanya. Bayan sojojin Ingila da na Masar sun fice a Nuwamban 1955, sai ranar 19 ga Disamba ɗan majalisa Abdurrahman Dabaka daga Darfur ya gabatar da ƙudurin shelanta 'yanci daga cikin zauren majalisa, kowa ya amince, babu wanda ya saɓa. Wanda ya shugabanci zaman ranar shi ne kakakin majalisa, wani alƙali ɗan shekara 38 mai suna Babikir Awadalla. Mai karatu ya riƙe wannan suna. Ranar 1 ga Janairun 1956 aka sauke tutocin Ingila da Masar, Azhari da jagoran adawa Muhammad Ahmad Mahjub suka ɗaga tuta mai launin shuɗi da rawaya da kore.

Adalci ya wajabta a faɗi abin da ya ɓaci a zamaninsa. Da aka zo maye gurbin Turawa da 'yan ƙasa a muƙamai kusan 800, abin da mutanen Kudu suka samu bai kai goma ba. Ranar 18 ga Agustan 1955 sojojin Kudu suka yi bore a Torit, aka kashe ɗaruruwan mutane, wannan kuwa shi ne mafarin yaƙin da bai lafa ba sai 1972. Domin a samu ƙuri'un 'yan majalisar Kudu ranar shelar 'yanci, an yi musu alƙawarin duba buƙatarsu ta tsarin tarayya, amma ba a cika ba. Haka nan a Fabrairun 1956, wata biyu bai cika da ɗaga tuta ba, manoman auduga na gonar Joda a yankin Farin Nilu suka nemi haƙƙinsu, aka yi rikici, aka kama su aka cusa a ɗaki ɗaya a barikin Kosti, kafin gari ya waye kusan mutum 200 sun mutu saboda rashin iska. Mu da muke zaune a ƙasar noman dawa da riɗi mun san nauyin haƙƙin manomi da ɗan ƙodago, kuma wannan tabo ne da bai goge ba a tarihin gwamnatin farko.

Akwai kuma tambayar da ta shafi mutanenmu kai tsaye: da aka samu ƙasa, wane ne ɗan ƙasa? Dokar zama ɗan ƙasa da aka yi a 1957, bayan saukar Azhari, ta sa sharaɗin cewa mutum ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun daga ƙarshen shekarar 1897. Da yawa daga cikin Hausawa da Fulani sun iso ne bayan wannan lokaci, musamman waɗanda suka yi hijira bayan shahadar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka biyo ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin Shuɗin Nilu, da waɗanda suka zo daga baya suka yi aiki a gonakin Jazira da na Gadarif. Sun yi noman da ya ciyar da ƙasar, amma an daɗe ana wahalar da 'ya'yansu da jikokinsu kafin su samu takardar shaida.

Saukarsa da ɗaurinsa

A Disamban 1955 shehunnan nan biyu, Sayyid Ali da Sayyid Abdurrahman, suka gana suka sasanta bayan gabar shekaru masu yawa. Sulhunsu kuwa a kan Azhari ya faɗa, domin ya fara nuna cewa ba ya son siyasa ta zauna a tafin hannun shugabannin ɗariƙu. Mutanen Khatmiyya suka fice daga jam'iyyarsa suka kafa tasu, suka haɗa kai da Umma, a Yulin 1956 majalisa ta janye amincewarta da shi. Wata shida kacal ya yi yana mulkin ƙasa mai 'yanci. Bai kira soja ba, bai tayar da magoya bayansa ba. Ya tashi daga kujera ya koma layin 'yan adawa, Abdullahi Khalil ya hau.

Ranar 17 ga Nuwamban 1958 soja suka karɓi mulki ƙarƙashin Janar Ibrahim Abbud. A 1961 gwamnatin soja ta kama shugabannin siyasa ta kai su Juba ta tsare tsawon watanni, cikinsu har da Azhari da Abdullahi Khalil, wanda ya sauke da wanda aka sauke a tsare wuri ɗaya. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Shugabancin ƙasa da rasuwarsa

Boren jama'a na Oktoban 1964 ya kawar da Abbud. Bayan zaɓen 1965 Azhari ya zama shugaban majalisar shugabancin ƙasa, Mahjub ya zama Firaminista. A Nuwamban wannan shekara wani ɗalibi ya furta mummunar magana kan iyalan gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a wani taro a Umdurman. Jama'a suka fusata, aka danganta ɗalibin da 'yan gurguzu, majalisa ta haramta jam'iyyarsu ta kori wakilanta, Azhari kuma ya goyi bayan hakan. Kotu ta yanke cewa matakin ya saɓa wa tsarin mulki, gwamnati ta ƙi bin hukuncin, sai Alƙalin Alƙalai ya ajiye aikinsa a 1967. Alƙalin shi ne Babikir Awadalla.

A zamanin shugabancinsa ne Khartum ta karɓi taron shugabannin Larabawa a Agustan 1967, bayan yaƙin kwana shida, inda aka sasanta Sarki Faisal da Abdunnasir kan yaƙin Yaman. Amma a cikin gida jam'iyyu sun shagala da rikicin kujeru, yaƙin Kudu yana ci, tsarin mulki na dindindin bai samu ba. Ranar 25 ga Mayun 1969 Kanar Ja'afar Numairi ya yi juyin mulki, ya naɗa Babikir Awadalla Firaminista. Aka kai Azhari kurkukun Kobar. Da ciwo ya tsananta aka mayar da shi asibiti, a can ya rasu ranar 26 ga Agustan 1969, wata uku bayan juyin mulkin. Sanarwar rasuwarsa a rediyon gwamnati ta zo a taƙaice, ba tare da girmamawar da ta dace da shi ba, amma jama'a suka yi dafifi a Umdurman suka raka shi makwancinsa. Ba a san shi da tara dukiya ba. A yau akwai jami'a mai ɗauke da sunansa a Khartum Bahri.

Shekarun waɗanda suka biyo bayansa

Azhari ya rasu yana da shekara 68 a lissafin rana, kusan 71 a lissafin wata. Mahjub, abokin ɗaga tutarsa, wanda ya yi Firaminista sau biyu, an haife shi a 1908 ya rasu a 1976, shi ma yana da 68. Abdullahi Khalil ya rasu a Agustan 1970, shekara ɗaya bayan Azhari, ya haura 75. Abbud, wanda ya haɗa shugabancin ƙasa da na gwamnati, an haife shi wata ɗaya da Azhari, kwana shida ne tsakaninsu, amma ya ƙara shekara 14 a bayansa, ya rasu a 1983 yana da 82. Sirrul Khatim Al-Khalifa, malamin makarantar da ya riƙe gwamnatin riƙon ƙwarya bayan boren 1964, ya rasu a 2006 yana da 87.

Mafi ƙarancin shekaru a ranar hawa shi ne Sadiƙ Al-Mahadi, wanda ya hau a Yulin 1966 yana da shekara 30, ya sauka bayan wata goma, ya dawo a 1986, soja suka kawar da shi a 1989, ya rasu a Nuwamban 2020 yana da 84. Numairi ya karɓi mulki yana da 39, ya riƙe shi shekara 16, ya yi shekara 14 yana gudun hijira a Masar, ya rasu a 2009 yana da 79. Rashid Aɗɗahir Bakr, wanda ya riƙe muƙamin daga 1976 zuwa 1977, ya rasu a 1988 bai kai sittin ba. Babikir Awadalla kuwa wata biyar kawai ya yi a kujerar, amma ya rayu shekara 49 bayan Azhari, ya rasu a ƙasar Ailan a Janairun 2019 yana da shekara 101. Shi da Sadiƙ sun rayu har suka ga ranar 9 ga Yulin 2011, ranar da Kudu ta ɓalle, sakamakon alƙawarin da aka ɗauka a 1955 ba a cika ba.

'Yan'uwanmu na Najeriya suna da abin kwatantawa. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firaministan Najeriya tilo, shi ma malamin makaranta ne. An kashe shi a Janairun 1966 yana da shekara 53, wato shekarun da Azhari yake da su ranar da ya fara mulki. A inda ajalin wani ya tsaya, a nan rabon wani ya soma.

Abin da za mu ɗauka

Ya zo a hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira cewa yawancin shekarun wannan al'umma tsakanin sittin ne da saba'in, kaɗan ne suke wuce haka. Ya kuma zo a wani hadisin cewa tsawon rai alheri ne ga wanda aikinsa ya kyautatu, sharri ne ga wanda aikinsa ya munana. Idan aka auna rayuwar waɗannan mutane da wannan ma'auni, abu uku suna fitowa fili.

Na farko, ba a tuna shugaba da yawan shekarun da ya yi a duniya ko a kan mulki. Numairi ya yi shekara 16, Azhari ya yi biyu da rabi yana Firaminista, amma Azhari ne ake kira uban 'yanci. Kuma manyan ayyukansa biyu duk barin wani abu ne: ya bar ra'ayinsa da ya ga zai jawo zubar da jini, ya bar kujera da majalisa ta ce ya bari.

Na biyu, zalunci da saɓa alƙawari sun fi masu yin su tsawon rai. Mafi yawan waɗanda suka zauna a majalisar 1955 sun riga mu gidan gaskiya tun da daɗewa, amma abin da suka bari ba a gyara ba ya ci rayukan jikokinsu. Haka ƙin bin hukuncin kotu a 1967 ya zama ɗaya daga cikin hujjojin waɗanda suka zo da bindiga a 1969. Duk wanda yake riƙe da amanar jama'a, ko ta ƙasa ce, ko ta unguwa, ko ta masallaci, ko ta gona da 'yan ƙodagonta, ya sani cewa abin da ya shuka zai tsiro ko bayan ba ya nan.

Na uku, wanda ya shiga shekarun sittin ya shiga lokacin lissafi. Azhari ya koyar da lissafi shekaru masu yawa, amma ranar 24 ga Mayun 1969 yana shugaban ƙasa, bai san cewa kwana casa'in da 'yan kai suka rage masa ba, kuma a tsare zai ƙarasa su.

A wannan lokaci da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koro dubban iyalai daga Khartum da Wad Madani zuwa Gadarif, muna roƙon Allah ya kashe wutar fitina, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya ba Sudan da Najeriya da Nijar shugabanni masu tsoronsa. Allah ya jiƙan Isma'il Al-Azhari da sauran Musulmin da suka riga mu, ya yafe musu kurakuransu, ya sa mu cika da imani. Allah ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.